Kwana Uku Zuwa Biyar

Tana cikin buga wa wani ɗan kasuwa hatimi a kan ƙunshinsa na bakwai ta ɗaga kai, sai ta hango mahaifiyarta a layi. Ita ce ta huɗu daga gaba, tsakanin wani tsohon soja da wata mata mai goyo. Ta rungume jaka a ƙirji kamar an gaya mata ɓarayi sun yi yawa a gidan waya.

Hatimin ya sauka a karkace. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a taga ta biyu, ba a taɓa ganin hatiminta ya karkace ba. Shi ya sa tun daga mai gadi har shugaban ofis ba mai kiranta da wani suna sai Anti Hatimi. Ɗan kasuwar ya dubi ƙunshin, ya dube ta, ya ga babu fuska, ya yi gaba.

"Anti," in ji ma'aikaciyar taga ta ɗaya, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana shan ruwa, "waccan ba Mama ba ce?"

"Ita ce."

"To ki shigo da ita ta ciki mana, ta zauna."

"Layi take bi."

"Uwarki ce fa."

"Na gane ta."

Ba wai ba sa magana ba ne. Duk Asabar takan hau bas ta je gidan, ta durƙusa ta gaida Mama, ta duba ko famfo na ɗiga, ta canja ƙwan fitila in ya mutu. Sai su zauna. Ya ƙafa? Da sauƙi. Ya aiki? Da godiya. Daga nan agogon bango ya karɓi hirar har minti arba'in su cika. Wata goma sha huɗu ke nan a haka.

Kafin wannan, an tura ta wani gari mai nisa kwas na ƙarin girma, mako biyu. Kullum da yamma takan kira gida, kullum Mama ce ke ɗauka. Ina Baba? Zazzaɓi ne, ya sha magani, yana barci. Ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa ta kunna waya, ta tarar da kira ashirin da uku. Kafin ta iso an riga an kai shi makwancinsa. Ta ci jarrabawar. An ƙara mata girma, an ba ta kujera mai juyawa. Ba ta taɓa tambayar Mama dalili ba, Mama kuma ba ta taɓa kawo zancen ba.

Sojan ya gama nasa ya kauce. Mama ta matso, ta ajiye jaka a kan kanta.

"Sannu da aiki, ma'aikaciya."

"Mama, ina kwana. Lafiya kuwa? Me ya fito da ke?"

"Wasiƙa zan aika."

Ta turo ambulan ta ƙarƙashin gilashi. Fari ne, ya yi kauri, an shafe bakinsa da gam har ya yi tauri. A gaba an rubuta suna da lambar akwati da manyan baƙaƙe masu jingina da juna. Anti Hatimi ta karanta sau biyu.

"Mama, wannan ai tawa ce."

"Na sani. Ni na rubuta."

"To ga ni a gabanki. Ki ba ni kawai."

"Ba ke na kawo wa ba, gidan waya na kawo wa. Ɗora a sikeli."

Ta ɗora. Nauyin ya wuce na kan sarki ɗaya, sai biyu. Ta yago ta miƙa.

"Kwana nawa take yi kafin ta isa?"

"Uku zuwa biyar."

"Ko da a cikin gari ne?"

"Ko da a cikin ɗakin nan ne."

Mama ta buɗe tafin hannu tana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Laraba, Alhamis, Juma'a. Ta gyaɗa kai.

"Ya yi daidai."

Da ta miƙa hannu za ta manna kan sarkin, mayafinta ya zame. A lanƙwasar hannunta akwai auduga, an danne da filasta.

"Jini aka ɗiba miki?"

"Sauro ne."

"Sauron ne ya manna miki filasta?"

"Mutane na jira a bayana. Buga."

Ta buga. Mama ba ta motsa ba sai da ta ga an jefa ambulan ɗin a kwandon da ke bayan kujera, cikin sauran wasiƙun mutane.

"Sai Asabar ke nan, Mama."

Kullum amsar ita ce Allah ya kai mu. Yau Mama ta ce, "To," ta ɗauki jakarta. Ta yi wa ta taga ta ɗaya sallama, ta yi wa mai gadi sannu, ta fita tana ɗan jan ƙafar hagu.

Doka a sarari take. Duk wasiƙar da aka karɓa a taga sai ta shiga buhu, mota ta zo ƙarfe biyu ta kai ta babban ofis, inji ya tantance, sannan a dawo da ita. Akwatin Anti Hatimi yana jikin bangon wannan ginin, taku goma sha tara daga kujerarta. Wannan bai canja komai ba. Ita da bakinta ta yi wa mutane fiye da ɗari wannan bayani. Akwai wani da ya rubuta wa maigidansa zagi shafi uku, ya fita ya sha iska ya huce, ya dawo yana roƙonta har da cire hula. Fom ta ba shi.

Ta sallami mutum biyar ba tare da ta ga fuskar ko ɗaya ba. Ya yi daidai da me? Ta kira wayar Mama, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mama ba ta fita da waya, wai kada ta ɓace. Ta juya kujera don ta dubi kwandon, ta tarar an riga an kwashe.

Ƙarfe goma sha biyu ta kafa allon "A Dakata" ta shiga ofishin Oga. Yana zaune ya cire takalmi ɗaya, fanka na kaɗa masa ƙafa.

"Yallaɓai, akwai wata wasiƙa da aka kawo yau. Tawa ce. Ina so in karɓa."

"Ke kika aika?"

"Ni aka aiko wa."

"To ai za ta zo."

"Yau nake so."

Oga ya lalubi takalminsa da ƙafa, ya saka, don maganar ta zama ta aiki.

"Anti, daga lokacin da hatimi ya hau kanta har ta faɗa akwati, wasiƙa ba ta mai aikawa ba ce, ba ta mai karɓa ba ce. Mai aikawa kaɗai zai iya janyewa, da fom, da katin shaida. Ke kika koya mini wannan sashe ranar da aka kawo ni nan. Har kika sa na maimaita."

"Na tuna."

"Wa ya aiko?"

"Mahaifiyata."

"Allah sarki. A ina take?"

"Tasha biyar daga nan."

Oga ya nemi inda wannan ya faɗa a littafin dokokin da ke kansa. Bai samu ba. Ya ce ta gaishe ta.

Ɗakin rarraba wasiƙu yana can baya, ba taga sai ƙwan fitila biyu da warin igiya da tsohuwar takarda. Tsohon da ke rarrabawa, wanda kowa ke kira Baba, yana tsaye gaban teburinsa, saura wata uku ya yi ritaya. Yana jefa wasiƙu a buhu ba ya ko kallon hannunsa. Ta tsaya a bakin ƙofa. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa shigowa nan neman alfarma ba, ba ta ma san da wace kalma ake farawa ba.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa 'yata. Fari ne, mai kauri, kan sarki biyu?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ta taga ta ɗaya. Ta gaya wa mai gadi ma, da direba, da mai kawo ruwa."

Ya zaro ambulan ɗin daga gefe, inda ya riga ya ware shi. Ya ɗaga shi saitin fitila, ya juya.

"Ba zan iya ba ki ba."

"Na sani."

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa miƙa wa mutum wasiƙa hannu da hannu a ɗakin nan ba."

"Na sani, Baba. Yi haƙuri."

Ta juya za ta fita.

"Sai dai idona ya yi rauni," in ji shi, kamar da buhun yake magana. "Kullum sai na yi kuskure ɗaya. Wani lokaci abin da ya kamata ya shiga buhu sai in ga na jefa shi a akwati. Tsufa ne. Yau kuma ban yi nawa ba tukuna."

Ya taka a hankali zuwa bangon akwatuna, wanda daga ciki duk a buɗe suke kamar gidan tattabaru. Ya bi lambobin da yatsa, ya tura ambulan ɗin a ɗaya.

"Kash," ya ce, ya koma bakin aikinsa.

Dole ta fita ta ƙofar gaba, ta zagaya ginin cikin rana kamar kowa, ta tsaya bayan wani mutum da makullinsa ya ƙi juyawa. Da ta buɗe nata, ta samu wasiƙar kwance a kan wata takardar talla. Ta zauna a dakalin da ke kusa da janareta. Gam ɗin ya ƙi ɓantaruwa, sai da ta sa makulli ta farke.

Shafi huɗu ne na littafin makaranta.

"Zuwa ga 'yata. Bayan gaisuwa. A asibitin da nake zuwa awon hawan jini akwai wata nas mai yawan magana. Ta ce duk mai wani abu tokare a ƙirji ya rubuta wa mai abin wasiƙa, in ya gama ya yaga. Wai jini zai sauka. Na rubuta huɗu na yaga, jini bai sauka ba. Wannan ta biyar ce.

"Babanki ne ya ce kada a gaya miki, saboda jarrabawarki. Amma ba zan ɗora masa duka ba, tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Ni ma na so hakan. Muddin ina ce miki zazzaɓi ne, ni ma zazzaɓi nake gani. In na faɗa miki gaskiya da bakina, to ta zama gaskiya. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban shirya ba.

"Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar ƙarshe ya tambaye ki sau biyu. Na farko na ce kina hanya. Na biyu ma na ce kina hanya. Ya ce to, Allah ya kawo ta lafiya. Don haka ƙarya biyu na yi, ɗaya gare ki, ɗaya gare shi. Tasa ba ta da gyara.

"Duk Asabar in kin zo kina duba famfo, ina so in ce ki bar famfon ki zage ni. Famfon ba abin da ya same shi. Wani lokaci ni nake kwance shi kaɗan don ki daɗe.

"Ban ce ki yafe ba. Ni ma da ni ce, ban sani ba.

"Abu na ƙarshe. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe za su yi mini aiki a ciki. Sun ga wani ƙari, sun ce gara a cire. Ba zazzaɓi ba ne. Maƙwabciya za ta raka ni. In wasiƙar nan ta same ki an riga an gama, to kin dai ga na faɗa, kuma da kwanan wata a sama. Iyakar abin da na iya ke nan. Ni ce, mahaifiyarki."

Janareta ya tashi a bayanta da ƙara da hayaƙi. Ba ta matsa ba. Ta koma shafi na biyu ta sake karanta wurin da ya ce Allah ya kawo ta lafiya. Mutumin nan mai makulli, wanda har yanzu yana fama, ya dube ta ya ce hayaƙin nan ba shi da kyau ga ido. Ta ce haka ne.

Da ta koma taga, layi ya kai ƙofa. Ta cire allon, ta sallami mutum uku, sannan ta jawo wani fom da ba a cike ba, ta kifa shi, ta rubuta "Zuwa ga Mama." Ta tsaya. Wata mata ta tambayi kuɗin aika takalmi zuwa ƙasar waje, ta faɗa mata, ta koma ta rubuta layi biyu. Ta soke ɗaya. Wani ya zo neman wasiƙar da aka aiko masa tun bara.

Ta taga ta ɗaya ta leƙo, ta ga fom ɗin, ta ga fuskar Anti. A karo na farko tun da aka ɗauke ta aiki ba ta tambayi komai ba. Ta miƙe ta ɗaga hannu.

"Jama'a, duk ku dawo nan. Taga ta biyu tana wani aiki na musamman."

Fom uku Anti Hatimi ta cika ta baya. Ƙarfe huɗu ta sake shiga wurin Oga.

"Yallaɓai, ranar Alhamis ba zan zo ba. Juma'a ma. Wataƙila har mako mai zuwa."

"Anti, neman hutu sai da sanarwar kwana bakwai."

"Ba hutu ba ne. Rashin lafiya ce."

"Me ke damunki?"

"Zazzaɓi zan yi."

Oga ya dube ta. Sannan ya jawo kalanda, ya zagaye Alhamis da biro.

"Allah ya sawwaƙe tun kafin ya zo."

Bas ya cika, a tsaye ta tafi, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a kan jaka. Ranar Talata unguwar ta yi mata dabam. Shagon kusurwa da take gani a kulle duk Asabar ashe na mai gyaran rediyo ne.

Ta yi sallama. Mama na zaune a bakin gado, ƙaramar jakar tafiya a buɗe a gefenta. Ta shirya zannuwa uku, tawul, silifas a leda, kofi da cokali. Ta ɗago ta dubi 'yarta, ta dubi ambulan ɗin da ke hannunta a farke.

"Uku zuwa biyar kika ce."

"An yi kuskure a ofis."

"Aiki ya lalace," in ji Mama. Ta ci gaba da naɗe tawul ɗin da ta riga ta naɗe.

Anti Hatimi ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum, sannan ta ciro fom ɗin nan uku ta miƙa.

"Mene ne wannan?"

"Amsa."

Mama ta karɓa, ta nesanta da ido, ta kusanto, ta juya ta ga gefen da aka buga layuka da akwatuna.

"Tabarauna yana can ƙasan jaka. Ba zan wargaza kaya ba. Karanta mini."

"Mama, ai don kada in faɗa da baki na rubuta."

"Ni ma haka, ga shi kin zo har gida. Karanta."

Ta karɓa. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar 'yar makaranta, ta gyara murya, ta fara da muryar da take karanta wa mutane dokar aika kaya.

"Zuwa ga Mama. Bayan gaisuwa. Na samu saƙonki. Ina jin haushinki wata goma sha huɗu, kuma ban gama ba. Ban tambaye ki ba saboda ina tsoron ki ce ya neme ni. Yanzu kin faɗa. Da kin kira ni, da na bar jarrabawar a kan tebur na taho ko a bayan motar kaya ne. Ba ki bar ni na zaɓa ba. Kullum in na zauna a kujerar da suka ba ni, sai in ji kamar da shi na saya."

Ta dakata, ta dubi bango. Mama ba ta ɗago ba, ta dafe tawul ɗin da hannu biyu.

"Ci gaba."

"Amma ni ma na yi ƙarya. Na san ba zazzaɓi ba ne. Baba bai taɓa barci ƙarfe shida na yamma ba, balle kwana tara a jere. Na ji a muryarki. Ban matsa ba, don ina so in gama jarrabawata. Haushin da nake ji, rabi nawa ne, na rasa inda zan ajiye shi na ajiye a wurinki."

Ta juya fom na uku. Layi uku ne kawai a kai.

"Ki gaya wa maƙwabciya ta huta, ni zan kai ki. Kada ki mutu ranar Alhamis. Ban gama fushi ba, kuma ba ni da wani wanda zan yi da shi. Ni ce, 'yarki."

A waje wani yana ta fama da babur ɗin da ya ƙi tashi. Mama ta sa bakin zani ta share hanci, ta miƙo hannu. Ta karɓi takardun ta daidaita gefensu a kan cinya, ta naɗe biyu, ta tura a aljihun jakar na gefe, ta ja zif.

"Kwana takwas ne," ta ce. "Ba tara ba."

"Tara ne, Mama."

"Ni da nake wurin?"

"Ni da nake kira?"

Mama ta nuna saman kabad da haɓa.

"Ɗauko wa kanki bargo. An ce masu jinya a benci suke kwana, kuma wurin da sanyi. Mai ruwan toka, ba ja ba. Jan ya yage."

Kabad ɗin ya fi ƙarfin tsawonta. Ta cire takalmi, ta jawo kujerar katako ta hau, kujerar ta yi ƙara ta karkata gefe. Mama ta dafa gado ta miƙe a hankali, ta zo ta riƙe mata.